Jar Kuɓewar Baba Saje

Ranaku da yawa na aikin soja sun ɓace mini, har da waɗansu da harsashi ya wuce ta gefen kunnena, amma ban taɓa mantawa da ranar da Baba Saje Gambo ya dawo daga asibiti yana ɗingishi, ya tsaya a bayan layinmu yana kallon tukwanensa ba. Tun da muka dawo daga binne Bukari Moshi ɗazu nake jin ku kuna cewa Allah ya ji ƙan mai kuɓewa, shi ya raba wa duk Zango irin kuɓewar Baba Saje. Gaskiya ne ya raba iri, Allah ya ba shi ladansa. Amma akwai maganar da na riƙe a cikina shekara da shekaru saboda Bukari, yau kuwa ba ya nan balle ya ji. Ku matso da tabarmar. Kai mai igiya ɗaya, ajiye goron nan ka saurara, ba gudu zai yi ba.

Saboda waɗanda ba su taɓa sa jar darar soja ba a cikinku, bari in fara da yadda muke. Turawa suna kiran rundunarmu ta Hausawa, amma rabinmu ba Hausawa ba ne. Akwai Mosawa, akwai Gurunsawa, akwai Yarbawa da Barebari, Hausa dai ita ce bakin bariki. Ranar da za a ɗauke ka, magatakarda zai tambayi sunanka da garinku, ya haɗa su, shi ke nan sunanka har ka mutu. Ni a barikin Ikko aka haife ni, shi ya sa nake Garba Ikko. Farabiti ba shi da igiya a hannu, lasan kofur yana da ɗaya, kofur biyu, saje uku, sai samanja a samansu, shi ne mai magana da Bature baki da baki. A lokacin da nake ba ku labari ina da igiya biyu, kuma ina jin kaina kamar ni na gina Ankara, birnin nan namu na bakin teku.

Abin da mutanen gari ba su sani ba game da mu shi ne, yawancinmu ba mu taɓa riƙe fartanya ba. Wasu an kama su tun suna yara, suka tashi da kaya a ka daga wannan kasuwa zuwa waccan har Allah ya kawo su bakin teku. Wasu irina a gindin bindiga aka yaye mu. Mun san bindiga, mun san tsintsiya, mun san taka sawu. Gona kuwa sai dai in mun bi ta cikinta da takalmi.

Layin masu aure a gefen Zango yake, wato unguwar baƙin arewa, ɗakuna a jere, bayan kowane ɗaki da ɗan filin da tabarma biyu za su rufe. Ƙasar wurin yashi ce da gishiri, ruwan rijiyar zartsi ne, iskar teku kuma tana ƙona ganye. Kowa tarkace yake zubawa a nasa filin, ban da Baba Saje Gambo. Shi nasa filin tun daga nesa za ka hango shi kore. Ba a ƙasa yake shuka ba. Fasassun tukwanen matan bariki, gwangwanin kananzir, tsohon akwatin harsashi, gangar nama da ya roƙa a sito ya raba biyu da zarto, duk abin da zai riƙe ƙasa ya zama gonarsa. Sai ya huda gindin da ƙusa, ya jera katanga, wato ɓaraguzan tukunya, don ruwa ya riƙa zurarewa, sa'an nan ya cika da baƙar ƙasar tsohon juji da ya cuɗa da kashin tumaki da ɗan toka. Ya kewaye wurin da ganyen kwakwa saboda iska. Akwai yakuwa, akwai rama, da alayyafo, da barkono, da ɗoɗɗoya mai ƙanshi a wata tsohuwar buta da bakinta ya karye.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai nemi fili a bayan gari ba kamar mutanen Ga, 'yan asalin garin. Ya ce, "Garba, soja yana da fili? Gobe in begila, ƙahon bariki, ta yi kuka aka ce a koma barikin Elmina, filin zai bi ni? Tukunya kuwa ko a kan ɗan dako sai ta je."

Ruwa shi ne wahala, kun san Ankara da ƙishi. Ruwan zartsi yana kashe shuka, ruwan sama kuma da ake tarawa a ganga na sha ne da alwala. Sai tsohon ya yi dabara. Ya ajiye wani faffaɗan dutse a tsakiyar tukwanen, ya ce duk mai alwala a layinmu ya zo nan ya yi, ruwan ya zuba a kan shuka. Matarsa Iya Ramatu, Bayarabiya ce mai tuyar ƙosai, ita kuma ruwan wankin wake take kawowa. Haka muka saba, da asuba ka ga ƙarti a jere da butoci kowa yana jiran tukunyarsa. Ni ta barkono ce tawa, har ana tsokanata wai shi ya sa bakina yake da zafi.

A cikin duk abin da ke wurin, rabin gangar nan biyu su ne ransa. A ciki yake shuka wata kuɓewa da ban taɓa ganin irinta ba kafin nan, ban kuma sake gani ba. Gajeruwa ce, ƙwayarta ba ta wuce babban yatsa ba, ja wur, karanta ma ja tun daga ranar da ta tsiro. In aka yi miya da ita jan yana ɓacewa, amma yauƙi da garɗi, kai! Ko da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, ka ci ta sai ka rantse tuwon dawa ne a gabanka. Ran da Iya Ramatu ta yi ta, babu mai wucewa ta ƙofarsu da sauri.

Wata rana bayan la'asar ina taya shi ɗaukar ƙasa ya ba ni labarinta. A takarda sunansa Gambo Katsina, amma ya ce ƙauyensu tafiyar kwanaki ce daga Katsina, kuma bai san hanya ba, don yana ɗan yaro mahara suka ɗaure shi a bayan doki. Fuskar mahaifiyarsa ma ta ɓace masa. Abin da ya rage masa shi ne bayan ɗakinta, da ɗan shinge, da jar kuɓewa, da hannunta yana tsinka. Yana da igiya ɗaya aka tura su Salaga neman sababbin soja. A zangon fatake ya hangi damin busasshiyar kuɓewa rataye a kayan wata tsohuwa, nan take ya ja ya tsaya. Ya tambaye ta daga ina, ta faɗi sunan ƙauyen. Ba ta san mahaifiyarsa ba, amma ta san rijiyar, ta san kukar da ke bakin kasuwa. Ta ciro ƙwaya kaɗan ta ba shi, ta ƙi karɓar ko wuri. Ya ce da ni, "Ka ga dangina ke nan a duniya, Garba. Ba ni da wasu."

Sai ku fahimci yadda ake riƙe iri a nan, don a nan maganar take. A arewa, in ji shi, ana zuba iri a gora da toka ya shekara lafiya. A bakin teku danshi ba ya barin haka, ya gwada, ya buɗe goran ya tarar da fumfuna. Allah ya taimake shi muna da damina biyu, babba da ƙarama, sai yake shuka ta sau biyu a shekara, irin ba ya daɗewa a ajiye. In ta fara 'ya'ya sai ya zaɓi mafi kyau ya ɗaura musu tsumma, alamar ba na miya ba ne, kada a tsinka. Waɗannan ana barinsu a jikin kara har ganye ya zube, karan ya bushe, ƙwayar ta yi baƙi-baƙi tana ƙara in an girgiza. Wanda bai sani ba zai ce shukar ta mutu. A wannan lokacin da ta fi muni, a nan duk irin yake, babu wani a ɗaki.

Shekarar da abin ya faru ita ce ta ƙarshensa a aiki. Za a sallame shi bayan ƙaramar damina, kuma mai unguwa ya riga ya nuna masa ɗan fili mai baƙar ƙasa a bayan Zango. Yana ta murna kamar mai aurar da 'ya. Yana cewa, "Bana za ta sauka daga tukunya ta taka ƙasa. Ta gaji da aikin soja."

Babbar damina ta ɗauke, lokacin da mutanen Ga suke bikinsu na sabuwar masara, sai aka ba ni farabiti kaɗan aka ce mu raka 'yan dako zuwa kan dutse, wajen Aburi. Na bar tsohon lafiya, kuɓewar tana bushewa da tsummokaranta. Bayan tafiyata kurkunu ya fito masa a ƙafa, ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi har bai san wanda ke kansa ba. A amuku, ragar ɗaukar marar lafiya, aka ɗauke shi zuwa asibiti. Iya Ramatu ta bar tuya, kullum tun safe tana wurinsa sai magariba.

A makon ne kuma sabon kyaftin ya ce zai duba bariki. Muna ce masa Mai Sanda, don ba ya nuna abu da yatsa. Duba bariki shi ne Bature ya zagaya da samanja a bayansa, ya leƙa ɗakuna, da bayan ɗakuna, da salga, da magudanar ruwa. Jajiberin ranar babu fareti, kowa yana shara. Duwatsun bakin hanya, gindin itace, bakin rijiya, duk sai sun sha farar ƙasa, har turmin mace in ta manta shi a waje. Matan ma korarsu ake yi su tafi wanki ko kasuwa don kada su tsaya a gaban tsintsiya. Duk sharar da aka tara ana kai ta rami a ƙone kafin rana ta faɗi. Aikin yana hannun kofur ɗaya, wanda makon ya faɗo a kansa. Wannan makon ya faɗo a kan Bukari Moshi.

Bukari bai cika wata ba da zuwa daga barikin Elmina. Kun san shi da furfura, ni na san shi ƙato, mai wuya kamar turmi, mai saurin kuka kamar yaro. An sayar da shi tun bai yi wayo ba, ya tashi yana dakon gishiri, bai san uwa ba bai san gona ba. Hausarsa irin ta Zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Ranar da ya iso ba shi da ko tabarma, Baba Saje ne ya ba shi tasa, ya ce wa Iya Ramatu ta riƙa sa kwanonsa. Saboda haka in ka ce wa Bukari ya shiga teku don tsohon nan, sai dai ya tambaye ka ta wane gefe.

Da safen jajiberin Mai Sanda ya yi zagayen farko, ya zo bayan ɗakin Baba Saje, ya ga fasassun tukwane da gwangwanaye masu tsatsa da busassun kara da tsummokara suna lilo. Ya ɗaga sanda ya ce kafin ya dawo a kwashe duka. Da ya wuce Bukari ya bi samanja.

"Ranka ya daɗe, tsoho yana kwance. In ya dawo ya ga an zubar da kayansa, ciwon zai koma."

"Umurni ne, Kofur. Bature ya ce datti ne."

"To in ya zama ba datti ba fa?"

Samanja ya dube shi ya ce, "In za ka iya sa tukwane su yi fareti, sa su. Amma in ya sake ɗaga musu sanda, ba ruwana, kai da gadurum, ɗakin kulle soja, igiyarka ɗaya kuma ta tafi."

Bukari ya ce ya yarda. Ku ji fa, igiyarsa ya sa a kan tukwanen wani.

Ya ɗebi mutane suka yini a rana. Ya ja igiya ya jera tukwanen a kanta, dogaye a baya, gajeru a gaba, kamar yadda ake jera mu. Ya kankare tsatsa, ya shafa wa kowace farar ƙasa har baki. Ya tsinke duk ganyen da ya yi rawaya. Da ya zo kan rabin gangar nan biyu ya ga matattun kara da ƙazaman tsummokara, sai ya yi abin da kowane sojan kirki zai yi. Ya tumɓuke su, ya lallaɓe ƙasar da tafin hannu ta yi sumul, aka kai ramin shara aka sa wuta. Shi da bakinsa ya gaya mini daga baya cewa ƙwayoyin suna ta fashewa a wuta tas-tas kamar ƙananan bindigogi, su kuma suna dariya.

Washegari Mai Sanda ya zo ya tsaya a wurin ya daɗe. Ya tambayi na wane ne, aka gaya masa. Ya sa sandar a hammata, ya ce kowane layi ya yi koyi da wannan. Tukwane sun tsira, igiyar Bukari ta tsira.

Da azahar ɗin ranar muka dawo daga kan dutse. Ban ko ajiye bindiga ba Bukari ya kama hannuna yana washe baki, wai in zo in ga abin da ya yi wa Baba. Wallahi wurin ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Idona ya bi layin har ya kai kan gangar. Na ce, "Bukari, ina karan?"

"Wane kara? Wanda ya mutu? Na ƙone shi."

Na zauna a ƙasa da kayan sarki a jikina. Raina ya ɓaci har ban san irin maganar da na yaɓa masa ba, Allah ya yafe mini, kun dai san bakina. Da na samu numfashi na gaya masa mene ne a jikin karan nan da kuma inda ya fito. Ya juya da gudu sai ramin shara. Na bi shi na tarar ya durƙusa yana tona toka da hannu, ta can ƙasa tana da zafi har lokacin. Mun tankaɗe tokar nan da rariyar Iya Ramatu. Abin da muka samu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi ne da suke murmushewa a yatsa.

Ita Iya Ramatu tun jajiberin ta gani da ta dawo, amma ba ta gaya wa mijinta ba, ba ta ce wa Bukari komai ba. Na ce, "Iya, me ya sa kika yi shiru?" Ta ce, "Garba, mutum ya yini a rana saboda mu, ya zo yana nuna mini da murna. Ta ina zan fara?"

To, ranar da na ce muku ba na mantawa ta zo. Tsohon ya shigo bariki da sanda, ƙafa a naɗe, ya rame. Bai shiga ɗaki ba, kai tsaye ya zagaya baya. Mu duka muna tsaye a gefe kamar masu jiran hukunci. Ya dubi fararen tukwanen nan a jere. Ya dubi gangar. Ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?"

Bukari ya fito ya ƙame, hawaye yana bin kumatunsa. "Ni ne, Baba." Ya faɗi komai, bai rage ba, bai kuma ambaci cewa igiyarsa ya sa ba. Ni na faɗi wannan.

Baba Saje ya jingina sandarsa, ya sunkuya da ƙyar, ya tura hannu cikin ƙasar gangar har wuyan hannu yana lalube. Ya koma ɗayar ya yi haka. Ya miƙe ya karkaɗe hannunsa a hankali. Sa'an nan ya ce, "Igiya ka ja?"

"Na ja, Baba."

"Layin ya miƙe. Ko ni ba zan miƙar da shi haka ba."

Ya ɗauki sandarsa ya shiga ɗaki. Da ma ya zage mu, wallahi da ya fi mini sauƙi. Da magariba ya fito da buta, ya wuce dutsen alwala, ya tsuguna a bakin ƙofa ya zubar da ruwansa a yashi. A nan na san abin ya kai inda ya kai.

Bukari ya lalace. Ya daina zuwa ɗaukar kwanonsa. Duk ranar da ba shi da gadi yana Zango yana bin fatake da 'yan goro yana tambayar jar kuɓewa. An kawo masa iri-iri, tsohon ya duba ya girgiza kai. Har ya fara cewa zai ajiye bindiga ya tafi arewa neman ƙauyen, alhali shi mai ƙauyen ma bai san hanya ba, gudun soja kuwa kun san hukuncinsa. Ni da samanja muka riƙa sa masa ido.

Ana nan ƙaramar damina ta sauka. Wata safiya muka ji Bukari yana ihu a bayan layi kamar an sare shi. A gindin bango, bayan gangar, wani ɗan tsiro ya fito da ganye biyu, kuma kowa ya ga na kuɓewa ne. Aka kira Baba Saje. Ya durƙusa ya daɗe yana kallonsa. Ina tsaye a kansa, ni ma na gani: karan kore ne shar. Tasa kuwa da ja take fitowa. Wannan kuɓewar mutanen Ga ce ta kasuwa, wataƙila a ruwan wanke-wanke ƙwayar ta zo. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji tsohon ya damƙi idon sawuna ya matse.

Bukari ya ce, "Baba, shi ne?"

Baba Saje ya ce, "Ɗauko tukunya, Kofur. A ƙasa akuya za ta same ta."

A wurin ya koya masa komai, yadda ake huda gindi, yadda ake jera katanga, yadda ake cuɗa ƙasa, yadda ake ɗauko tsiro da ƙasarsa don kada saiwa ta ji. Bukari ya yi mata shinge kamar na gidan sarki. Masu gadin dare da na rana duk sai da ya roƙe su su riƙa leƙa ta. Ya koma cin abinci. Tsohon kuma ya koma alwala a kan dutse.

Da ta yi fure ta fitar da ƙwaya, sai ga ta doguwa, koriya. Bukari ya zo wurin tsohon. "Baba, Garba ya ce ja ne. Wannan kore ne."

Tsohon ya ce, "Ni da ka gan ni, Kofur, haka na zo bakin teku?" Ya yage bakin tsohuwar jar ɗamararsa ta saje, ya miƙa masa. "Zaɓi mai kyau ka ɗaura mata. Wannan ba ta miya ba ce."

Duk wanda ya taɓa cin ta gaskiyar yana wurin, babu wanda ya yi tari. Ba a ba mu umurni ba, amma ban taɓa ganin umurnin da aka bi kamar wannan ba.

An sallami Baba Saje a ƙarshen shekara, ya koma filinsa. Nakan je gaishe shi ranar Juma'a. Ya shuka rogo, ya shuka yakuwa da barkono, amma ko gindin kuɓewa ɗaya babu. Iya Ramatu ta ce ya daina cin miyarta, wai tana ɓata masa ciki. Sai dai duk lokacin da Bukari ya kawo ƙwaryar farko, zai karɓa da hannu biyu, ya sa a dafa, ya ci loma a gabansa ya sa masa albarka. Wata rana muna mu biyu na kasa haƙuri na ce, "Baba, har yaushe za a bar shi a haka?"

Ya dubi gonar ya ce, "Garba, sau biyu aka raba ni da tsohuwata. Na farko mugaye ne suka yi. Na biyu mai ƙaunata ne. In na gaya masa, za ta dawo?"

Ban sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi ransa.

Abin da na koya ke nan, ku da kuke ciki yanzu. Aikinmu yana koya wa mutum ya miƙar da layi, ya share, ya gama kafin a busa begila, kuma ba na raina wannan, shi ya ciyar da ni. Amma bai taɓa koya mana mu tsaya mu tambaya ba. Bukari ba mugu ba ne, ba malalaci ba ne, ya fi mu duka zuciya, ya yi daidai abin da aka hore shi a kai. Don haka in an tura ku shara bayan ɗakin wani kuka ga abu da tsumma a ɗaure, komai muninsa, ku nemi mai shi, in ba ya nan ku jira matarsa. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, layi guda na ƙarti, shekara da shekaru muna miƙa kwano a zuba mana miyar nan, babu wanda ya taɓa cewa, Baba, ba ni ƙwaya biyu in sa a gwangwani. Da mutum ɗaya ya yi haka, da yau ba wannan labarin nake ba ku ba.

Kuɓewar da ke bayan ɗakunanku, ku ci gaba da kiranta ta Baba Saje. Shi ya ba da tsumman, Bukari kuma ya yi mata hidima har ƙarfinsa ya ƙare, ta cancanci sunan. Iya Ramatu ta tafi, samanja ya tafi, yau ga Bukari mun rufe. A duk Zangon nan ni kaɗai na rage da na san ɗanɗanon ta gaskiyar, shi ma ya fara ɓace mini. Har yanzu in na ji fatake sun sauka, sai in ɗauki sandata in je in tsaya ina leƙa kayan tsofaffin matansu. Su suna tsammanin goro nake so, sai su ɓantaro su ba ni.